A Gindin Ƙarfen Sabis

Ni ne Tanimu, mai kwana a gindin ƙarfen nan
da ya miƙe a Rijiyar Zaki, ya fi kowace rimi tsawo,
jar fitila a kansa tana ƙyafta wa jirgin Jidda ido.
Albashina bai kai kuɗin man da injinsa ke sha a mako ba,
amma ni ke ɗura masa, da mazurari,
kamar mai lallashin jinjirin da ba nasa ba.

Ina yaro na raka babana gidan waya.
Tun hantsi muke layi, lamba a takarda, takarda a hula,
zai gaya wa ƙaninsa a Ikko cewa Inna ta cika.
Da layi ya zo kanmu, sai wayar ta yi gum.
Saƙon ya bi motar shanu,
ya isa bayan sadakar bakwai.

Yau ga Uwani mai awara a bakin katanga,
hagu na juya mai, dama na karɓar ciniki,
ba ta taɓa ko sisi ba, wayar ce ke ƙara.
Ga Sagiru can Fam Santa, da ɗan tsinke da tabarau,
yana fiɗar abin da bai kai tafin hannu ba,
da shi yake cika tukunyar mutum tara.
Duk ta saman kaina maganarsu ke wucewa:
cinikin atamfa daga Kwari, kukan jariri daga Makka,
bashi, biko, barka, ban haƙuri.
Ban ji ko ɗaya ba. Ƙugin inji kawai nake ji.

Ran Laraba katafila ta zo gyaran kwata a titin Gwarzo,
ta sa haƙori ta tsinke jijiyar da ke ƙarƙashin ƙasa.
Unguwa ta kurmance.
Mai cirar kuɗi ya naɗe laimarsa tun kafin azahar,
awara ta huce a faranti,
jama'a suka taru a ƙofata: "Maigadi, ina sabis?"
sai ka ce a aljihu na ɓoye shi.

Ɓarayin batir sun zo da damina,
da igiyar shanyata suka ɗaure ni.
Masu haraji kuwa da rana suke zuwa, da takarda mai hatimi,
wannan na ƙasa, wancan na iska, na ukun ban gane na mene ne ba.
Kowa ya zo da kwaɗonsa.
Ƙofa ɗaya, kwaɗo uku,
inji a ciki yana kukan ƙishirwa.

Na ji a rediyo hukuma ta yi magana:
ƙarfen nan dukiyar kowa ce, a daina taɓa shi,
za a sassauta kuɗin haƙa, a kai layi har ƙauye.
Ba zan ci amanar gaskiya ba,
an cire kwaɗo biyu,
an kafa farantan hasken rana goma sha biyu,
yanzu inji na samun barcin rana, ni ma haka.
Sai dai mai haƙa kwata bai ji sanarwar ba,
ko kuwa rediyonsa ba batir.

Yayata Ta-Sallah tana can bayan Ƙiru.
In za ta kira ni, sai ta hau suri,
ta ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa.
Jiya na ga kiranta sau huɗu, yana shigowa yana yankewa.
Na tashi in bi, aka ce kuɗina bai isa ba.

Na zauna a gindin ƙarfe, waya a hannu,
lambarta a gabana,
na cire hula na duba ciki, ban san dalili ba.